Katin da Ya Fito Daga Aljihun Kwat

Ni ɗan gwanjo ne. A shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun 'yan kasuwa a Lafiya, ba ni da ƙarfin ɗaukar dila, wato babban ƙunshin tufafin gwanjo, ni kaɗai, sai dai mu haɗa mu biyu, ni da wani ɗan ƙabilar Eggon da rumfarsa ke jingine da tawa. Ya ɗan girme ni, ina ce masa Oga. Shi kuma yana ce mini Malam, ba don wani karatu da na yi ba, sai don yawan tambayar da nake yi ko abu ya halatta. Firamare na gama na tsaya. Ina iya karanta Turanci in an bar ni na bi shi a hankali da yatsa.

Masu haɗa dila suna da ƙa'idarsu. In an yanke wayar da ta ɗaure dilar, kayan ana zaɓa ne bi da bi, ka ɗauka in ɗauka. Abin da aka tsinta a aljihu kuwa, ko hankici ne, ko tabarau, ko makullin da ba a san ƙofarsa ba, na su biyun ne, a raba daidai. Mutane da yawa ba sa damuwa da wannan ta biyun. Ni ina damuwa.

Wata ranar damina muka buɗe dilar kwat, ina lalube aljihun wata baƙa mai nauyi sai na ji wani abu kamar sabulu. Ƙaramin kwali ne da ya sha hannu, cike da kati. Sun fi na karta tsawo, kuma kowanne da hotonsa: sarakuna, kofuna, takubba, wata mace da zaki. A jikin kwalin an rubuta tarot. Ban taɓa ganin kalmar ba, Oga ma haka.

"Kai wa yaranka su yi wasa," in ji shi.

Na ce, "A'a, Oga, haƙƙi ne. Rabi naka ne."

"Haƙƙin kati? Abeg, Malam, rana yana yi."

Ban yarda ba. Kuma da yake wasu hotunan sun fi wasu kyau, sai na ji tsoron kada in ba kaina masu kyan ba da sanina ba. Na kife su duka don kada in gani. Na cakuɗa su sosai. Na yanka su kashi uku a kan tabarma, na ce ya ɗora hannu a kan wanda yake so a fara da shi. Ya ɗora yana dariya. Na raba, ɗaya naka, ɗaya nawa, har suka ƙare. Ya zuba nasa a leda ya jefa cikin buhu, muka koma kan kwat.

A satin aka yi wani ruwa mai iska da tsawa, ya yaye kwanon ɗakin Oga a unguwar Akurba. Bai gama gyara ba kuma ɗan acaɓa ya kayar da shi a hanyar kasuwa, ƙafa ta karye. Na je gaishe shi na tarar da shi kwance a falo, an ɗora ƙafar a kan kujera ta fi kansa tsawo. Matarsa malamar firamare ce, kowa Madam yake ce mata. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta shiga ɗaki ta fito da ledar nan. Kati uku ta zaro ta jera a kan tebur.

Na farko dogon gini ne, tsawa ta faɗa masa, mutane suna faɗowa. Na biyu mutum ne a rataye da ƙafa ɗaya, kansa a ƙasa. Na uku ƙwarangwal ne a kan farin doki.

"Biyu sun faru," in ji ta. "Saura wannan."

Oga ya tambaye ni me na samu a nawa rabin. Da ma ban faɗa ba. Amma an tambaye ni, sai na faɗi gaskiya: akwai rana da yaro yana dariya, akwai taurari, akwai wani mai ƙiba zaune gaban kofuna.

"Ka ji," in ji Madam.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ban ce ka yi mini wani abu ba. Amma kai ka nace, kai ka raba. Sai na gane menene wannan abin kafin mu sake haɗa dila."

Na yi sallama na fito. Ba wai dilar kaɗai ce ta dame ni ba, ko da yake in babu shi sai dai in koma sayen ragowar wasu. Shekaru muna zaune kafaɗa da kafaɗa, shi yake tsare mini rumfa in na tafi salla, ni nake tsare masa in ya tafi biki ƙauyensu. Yanzu yana kwance yana jiran ƙwarangwal, kuma hannuna ne ya miƙa masa.

Na fara da limamin masallacinmu na Bukan Sidi. Ya kalli kati biyu ya mayar mini, ya ce wannan kayan duba ne na Turawa, in ƙona su in yi istigfari. Na ce to, amma in na ƙona nawa, na Oga fa? Kuma in na ƙona rana da taurari aka bar masa ƙwarangwal shi kaɗai, ban ƙara masa ba? Ya ce babu abin da takarda ke yi wa mutum sai abin da Allah ya rubuta. Na san haka, na yarda da haka. Amma ba ni ne nake buƙatar a gamsar ba, kuma Madam ba za ta karɓi maganar limaminmu ba. Na tambaye shi ko laifi ne in nemi bayanin abin don in kwantar wa maƙwabcina hankali, ba don in yi aiki da shi ba. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ba ka rabuwa da neman wahala." Har na iso gida ina juya maganar, ban gane ko izini ba ne ko hani.

Littafi ba zai yi mini ba, da karatuna zan shekara a kai. Na ga gara abin da za a gani da ido ko a ji da kunne, a zauna gaba ɗaya, kowa ya ji da kansa. Akwai wani Inyamuri mai shagon kaset da faifan sidi kusa da tasha, lasifikarsa ba ta hutawa. Na rubuta kalmar a tafin hannuna na nuna masa, don ban san yadda ake furta ta ba.

"Kati, ko? Akwai. Komai akwai, Alhaji."

Ya ba ni wani faifai. Na kai gidan ƙanina da ke da na'urar kallo. Wani Bature ne da baƙar hula yana sa kati ya ɓace a hannunsa ya fito daga kunnen wata mata, mutane suna tafi. Na kalla har ƙarshe ko ƙwarangwal zai fito, bai fito ba. Na mayar.

"Ba shi ba ne? To wanne kake so, na caca?"

Na zaro kati ɗaya daga aljihu na nuna masa. Ya ja da baya, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

"Alhaji, ka fara juju ne? Kai da nake gani da carbi?"

Na yi masa bayani tun daga dila. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya lalubo mini wani kaset na rediyo, ya ce wannan ya yi magana a kan abin sosai. Wani mai wa'azin coci ne daga ƙasar waje. Turancinsa ta hanci yake fita, kuma da gudu. Na zauna da rediyona a tsakar gida ina mayar da kaset baya, ina sake saurara, har batir ya yi sanyi muryar mutumin ta koma kamar ta bijimin sa. Abin da na tsinta bai wuce shaiɗan da wuta ba, sai kalmar nan tarot da na ji a karon farko a bakin mutum, ashe ba a furta harafin ƙarshe. Matata ta leƙo ta ce, "Yau kuma wa'azin coci ake ji a gidan nan?" Na kashe. Wannan kaset in na kai wa Madam, na ƙara wa wuta mai ne kawai. Amma ɓoye shi ma ya dame ni, don kamar ina zaɓen abin da za su ji ne.

Mai shagon ya ce zai sa a nemo mini na koyarwa daga Onica, wanda ake nuna kati ɗaya bayan ɗaya, amma sai na yi haƙuri. Kafin nan ya ce in gwada intanet.

Ban taɓa shiga kafe na intanet ba sai ranar. Ɗaki ne mai zafi, kwamfutoci a jere, kowa ya manne da tasa. Matar da ke kula da wurin ta ga ina tsaye kamar baƙo a asibiti, ta zo ta zaunar da ni, ta buga kalmar da kanta. Abubuwa suka cika fuskar kwamfutar, ta ce in zaɓa. Na ce ta zaɓar mini na gaskiya.

"Baba, ni ina zan san na gaskiya? Duka suna nan."

Ta buɗe wani bidiyo, ta sa mini abin ji a kunne, ɓangare ɗaya ne ke aiki. Wani mai dogon gashi ya fito ya buɗe baki, sai hoton ya tsaya. Muka jira. Ya faɗi kalma uku ko huɗu, ya sake tsayawa da bakinsa a buɗe. Ta ce netwok ne, in bar shi ya taru. Na zauna ina kallon bakin mutumin ina zufa, ina kuma tunanin ko zaman nan kansa ya zama zuwa wurin boka. Da ya taru sai ga shi yana ɗaga kati, amma hotunan nasa ba irin namu ba ne, nasa duk kyanwoyi ne sanye da riguna. Ta buɗe wani, wannan ba Turanci ba ne ma. Na uku murya ce kawai, mace tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro, ina jin na fara kama wani abu game da mutumin da ke rataye, sai aka ɗauke wuta. Na koma wurin sau da yawa bayan haka. Abin da na ƙaru da shi shi ne katin kala-kala ne, masu bayaninsa ma kala-kala, kuma ba wanda ya yi maganar abin da ke faruwa in mutum biyu sun raba shi gida biyu.

Duk wannan lokacin rumfar Oga a rufe take. Dila ta zo ta wuce, ban ɗauka ba.

Da faifan Onica ya iso, mai shagon ya kira ni da hannu tun daga nesa. A jikin kwalin ga wata Baturiya mai furfura, gabanta kati irin namu sak, har da farin dokin. Ya ce in zo ya saka mini in gani. Na ce a'a. Na riga na yanke cewa ba zan kalla ni kaɗai ba, don kada a ce na duba na ga ya yi mini daɗi shi ya sa na kawo. A cikin ledarsa zan kai shi, a buɗe a gaban kowa.

"Alhaji, ko mai sayen doya yana dubawa kafin ya kai gida," in ji shi.

Na ce na ji, na gode.

Ranar Lahadi da yamma, bayan sun dawo daga coci, na tafi Akurba da faifan da rabin katina. Oga ya fara takawa da sanda. Ya yi murnar ganina, ko dai haka na gani. Madam ta yage ledar da kanta, aka tayar da ƙaramin janareto, muka zauna. Ita ce mai fassara, don Turancin matar ya fi ƙarfina, Oga kuwa na kasuwa ya iya.

Baturiyar ta yi doguwar gaisuwa. Sannan ta ɗauki katin ta kife su. Ta cakuɗa su sosai. Ta yanka kashi uku a kan tebur. Wani mutum yana zaune gabanta, ta ce ya ɗora hannu a kan wanda yake so. Ya ɗora. Ta fara ajiye su ɗaya bayan ɗaya, a kife.

Ba wanda ya nemi fassarar wannan. Madam ta danna ta tsayar da hoton, ta juyo.

"Malam, ka ce ba ka taɓa ganin abin nan ba."

"Wallahi ban taɓa ba."

"To wa ya koya maka?"

Na ce ba wanda ya koya mini, haka kawai na ga ya fi adalci. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita ba ƙarfi. Oga ya ce a bari a ci gaba, a kai wurin doki.

Aka kai. Matar ta ɗaga ƙwarangwal tana murmushi kamar ta ga jikanta. Ta yi magana mai tsawo. Na tsinci kalmar canji, na tabbata na ji ta, zuciyata ta ɗan sauka. Madam ta ce, "Ta ce ba lallai mutuwa ba ce. Ta ce ƙarshen wani abu ne."

"Ƙarshen me?" in ji Oga.

"Ba ta faɗa ba."

"Ba lallai ba, ko ba shi ba ne? Wanne ya ce?"

Madam ta mayar baya, muka sake ji. Ta ce ba lallai ba. Ni kamar na ji wani abu dabam, amma ba zan iya musu da malamar makaranta a kan Turanci ba. Daga nan matar ta juya katin kansa a ƙasa, ta ce in ya fito haka ma'anar ta sauya. Oga ya tambaya nasa yaya ya fito. Wa zai sani? A leda ya zuba su. Mutumin da ke rataye ma muka kasa gane ina ne samansa, Oga ya ce in an juya shi ai rawa yake yi da ƙafa ɗaya, ya yi dariya shi kaɗai, ba wanda ya taya shi.

Sai aka zo wurin da matar ta dafa ƙirjinta ta rufe ido. Madam ta saurara da kyau, ta sake mayarwa, sannan ta kashe na'urar gaba ɗaya.

"Ta ce katin ba ya aiki haka kawai. Mai cakuɗawa yana riƙe wani abu a zuciyarsa, katin kuma ya bi abin."

Oga ya gyara ƙafarsa, ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"To shi ke nan, ya zo da sauƙi. Malam, kai ba ka rantsuwa a banza, duk kasuwa ya sani. Rantse mini ba komai a zuciyarka lokacin da kake juya katin nan. Ka rantse, gobe mu je mu ɗauki dila."

Na buɗe baki. Na san ban nufe shi da sharri ba. Amma ba haka ya tambaya ba, cewa ya yi ba komai. Wa zai iya rantsuwa cewa ba komai a zuciyarsa a wata rana da ta wuce da watanni? Ranar akwai wata kwat mai ruwan toka da ya riga ni ɗauka. Na ji haushi? Ban sani ba. In na ji, kafin katin ne ko bayansa? In ɗan haushi ne da bai kai a kira shi haushi ba, yana cikin komai ko ba ya ciki? Ina wannan lissafi janareto yana ta ƙara a waje, su biyun suna kallona.

"Oga, bari in tuna tukuna."

Madam ta tafa hannu sau ɗaya ta miƙe. "Ka gani ko, Baban yara?"

Oga ya jawo sandarsa. Sannan ya ce, "To je ka tuna. In ka tuna ka zo."

Na yi ta ƙoƙari. A rumfa, a hanya, har a cikin salla abin yana faɗo mini, in yi sujadar mantuwa. Na shimfiɗa tabarmar nan a inda take ranar na zauna, ko zaman zai dawo mini da tunanin. Abin da ya yi ta dawowa shi ne ina fargabar kada katin ya zama mara, ɗaya ya ragu a rasa mai shi. Ina jin wannan ne ya cika mini zuciya. Sai dai yawan nema ya sa na kasa bambance abin da na tuna da abin da nake so in tuna.

Da Oga ya dawo kasuwa yana ɗingishi, na bari ya gama shara, na shiga rumfarsa na faɗa masa haka, duka, har da kwat mai ruwan toka, har da cewa ba zan iya rantsuwa a kai ba amma iyakar abin da na samu ke nan.

Ya yi dariya har ya dafa sandarsa.

"Wannan ne ka yi sati da sati kana nema? Kai, Malam, kai ma ka sha wahala. Ni da ka ce wallahi ranar nan, ko ƙarya ne, da na karɓa."

"Ai shi ya sa ban ce ba."

"Na sani." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ƙanin Madam ya zo daga ƙauye, ba shi da aiki. Mun riga mun haɗa dila da shi. Ka san yadda gida yake."

Na ce na sani, Allah ya sa albarka. Na tambaye shi katin fa. Ya ce Madam ta kai coci an yi addu'a an ƙona, har da nawa rabin da na manta a kan teburinsu, da faifan. Ban san ko in yi godiya ba ko in yi jaje, sai na ce to.

Ranar da dilarsu ta iso ina rumfata ina jera wandunan da na saro a hannun wasu. Na ji ƙarar yanke waya ta bayan zana, na ji muryar ƙanin Madam yana cewa wannan nawa. Can sai Oga ya ɗaga murya.

"Malam! Zo ka ga wani riga, daidai jikinka ne."

Na tsaya da wando a hannu, ban gane ko kyauta yake nufi ba ko ciniki. Na zagaya na shiga. Rigar ta yi mini yawa a kafaɗa. Na tambayi kuɗinta, ya faɗa, ban taya ba, na biya na koma rumfata.